Sawu a Cikin Galan

Afiriye ta miƙo mini galan ta tagar ɗakin gwaji,
mai ruwan ƙasa, lita uku, murfinsa ja.
Ta ce, "Na farkon asuba ki zubar, ba namu ba ne.
Daga nan duk ɗigon da ya fito namu ne,
har asubar gobe ta zagayo."
Na ce to. Na lulluɓe shi da mayafi
kamar mai ɗauke da kayan sata.

Shekara shida jikina yana mini tawaye.
Ina tsaye kan tukunyar wake da shinkafa a Aboabo,
sai fuska ta ɗau wuta, wuya ya yi rudu-rudu,
zuciya ta hau dakan sakwara,
ciki ya murɗa, ƙasa ta taso ta tarye ni.
An ce borin jini. An ce iskar bakin kwata.
An ce wata ta ga cinikina ya yi yawa.
Na sha rubutu, na sha saiwa, na yi hayaƙi
har zannuwana suka daina jin sabulu.
Awudu autana ma ya samu abin wasa:
ya ja farce a damtsena, sunansa ya kumburo,
fatata ta zama allonsa.

Sai wani likita a Komfo Anokye, mai furfura a gira,
ya ce akwai 'yan gadi a cikin naman mutum,
ido ba ya ganinsu, kowanne da ƙullin barkono.
"Naki ba sa jiran ɓarawo.
Turare ya gifta, su watsa. Rana ta ƙwalle, su watsa.
Histamin, sunan barkonon ke nan.
Kafin a ɗebi jini ya ɓace,
amma yakan bar sawu a fitsari.
Sawun za mu bi."

Ya ce in ɗan yi nesa da banda, da dokunu, da shito,
ni da nake soya wa rabin unguwa shito!

Galan yana son sanyi.
Da la'asar aka ɗauke wuta.
Na ruga gidan Mma Ladidi, ƙanƙarar sidi biyar,
na jera a bokiti, na kwantar da shi a tsakiya.
Ta leƙo, ta ce, "Lamurje ne?"
Na ce, "Amana ce."

Abin da nake wankewa sau biyar kafin in fuskanci gabas,
yau shi nake gadi.
Sau uku na tashi cikin dare,
tocila a baki, mazurari a hannu,
ina tsoron ɗigo ɗaya ya kuskure
a ce in sake daga fari.

Da safe yaron mota ya ce a sa a baya.
Na ce a'a, a cinyata zai zauna.
Muka tsaya cak a Kejetiya,
sanyinsa yana ratsa zanina,
yana ɗan motsi kamar jariri mai barci.

Afiriye ta auna, ta rubuta,
ta tsiyaya kaɗan a wata 'yar kwalba,
ta manna: Fulera Ɗantani.
Sauran ta tuttular.
Na ce, "Kwana da yini, don cokali biyu?"
Ta yi dariya. "Wannan Ankara za shi,
daga can ya hau jirgi. Mako uku, ki dawo."

Jirgi! Ni da ban taɓa wuce Tamale ba.

Na koma kan tukunyata.
Wajen azahar wuya ya soma ƙaiƙayi.
Na ajiye ludayi, na dafa wurin,
na ce a hankali, kada masu saye su ji,
"Ku kwanta. Ba kowa. Ni ce."